Wani Matashin Ma'aikaci Ya Komo Daga Ingila

Ran wata Asabar da hantsi muka sauka a ƙauyensu. Mun zaci za mu tarar da shi a zaune cikin falo, kamar yadda akan tarar da waɗanda suka sha ruwan ƙasar Turawa. Sai uwarsa ta nuna mana hanyar rijiya, ta ce tun da asuba yana can. Muka same shi ya naɗe ƙafar wando, hannuwansa duk baƙin mai, shi da makanike da samari uku suna ciro bututun famfo. Ya ce, "Sannunku da zuwa, su Baba. Ku gafarce ni, yau ba hannun gaisuwa." Muka zauna a gindin ɗorawa muna jira.

Shekarunsa 33. Ma'aikaci ne a sashen raya al'umma na wata ƙaramar hukuma, ɗaya daga cikin 774 da muke da su a Nijeriya. A watan Satumba 2022 ya sami tallafin karatu ya tafi Jami'ar Birmingham, ya yi digiri na biyu a kan sha'anin mulki da raya ƙasa, ya komo a ƙarshen 2023. Ya roƙe mu kada mu buga sunansa ko sunan garinsu, gama cikin labarin akwai zancen ofis, akwai kuma zancen gida. Mun yarda. Masu karatu da suka manyanta za su tuna, a jami'ar nan ce Dokta Barau Dikko na Wusasa ya yi karatu, shi da ya zama likita na fari daga Arewa. Ashe hanyar tsohuwa ce.

Duhu da sanyi

Da aka mai da bututu ya wanke hannu, muka tambaye shi abin da ya fi tunawa. Ya ce duhu. A watan Disamba rana takan faɗi a can kafin ƙarfe huɗu na yamma. Shekarar kuma ta zo musu da tsada. A watan Oktoba 2022 farashin kaya ya hau da kashi 11 cikin 100 bisa na bara, abin da ba su gani ba cikin shekara 40. Kuɗin gas da na lantarki ya yi nauyi har mutane da yawa suka riƙa kashe na'urar ɗumama ɗaki suna zama cikin bargo. Saboda haka majami'u da ɗakunan karatu suka buɗe ƙofofinsu, duk mai jin sanyi ya shiga ya zauna ya sha shayi, ba mai tambayarsa kome.

Ta haka ya fara shiga wata ƙaramar majami'a kusa da masaukinsa. Bai ɓoye mana ba, ɗumi ya kai shi. Rigar sanyin da ke jikinsa ma a kantin gwanjo na Oxfam ya saye ta. Ƙungiyar nan an kafa ta a Oxford a 1942 domin a aika wa mayunwatan ƙasar Girka abinci lokacin yaƙin duniya na biyu. Mutane sukan kai tufafinsu kyauta, 'yan sa kai su sayar, ribar ta tafi aikin taimako.

Ran nan yana zaune da littafinsa, sai wata tsohuwa ta ce masa ko zai kama mata ɗaukar akwati, gama bayanta ba ya so. Ya ɗauka. Ya bi ta zuwa ɗakin baya, ya ga kantoci cike da abincin gwangwani, da taliya, da shinkafa, da madara, da sabulu. Ya ce da fari ya zaci kanti ne. Tsohuwar ta ce rumbun abinci ne na waɗanda ba su da abin sawa a baka. Ya ce mana, "Su Baba, na tsaya na rasa ta cewa. Yunwa a Ingila?"

Rumbun abinci

Akwai ta kuwa. Mafi girman ƙungiyoyin da ke riƙe da irin waɗannan rumbuna ita ce Trussell, wadda ta buɗe na farko a garin Salisbury a shekara ta 2000. Daga Afrilu 2022 zuwa Maris 2023 rumbunanta sun raba ƙunshin abinci kusan miliyan 3, fiye da miliyan 1 daga ciki domin yara. Yawancinsu a majami'u da ɗakunan taron unguwa suke.

Ga yadda aikin yake, kamar yadda ya kwatanta mana. A bakin ƙofar manyan kantuna akwai kwando. Mai cefane yakan ƙara gwangwani ɗaya ko biyu a kan nasa, in ya biya sai ya jefa a kwandon ya wuce. 'Yan sa kai su kwaso, su auna, su duba ranar lalacewar kowane abu, su jera. Mai bukata kuwa ba ya zuwa haka kawai. Likita, ko makarantar 'ya'yansa, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a yakan ba shi takarda. In ya kawo ta, a zaunar da shi, a ba shi shayi, a tambaye shi mutum nawa ne a gidansa, sa'an nan a haɗa masa abincin kwana uku. Wanda ya jefa gwangwani bai san wanda zai ci ba, wanda ya ci kuma bai san wanda zai gode wa ba.

Saurayin nan ya shiga aikin, kowace Alhamis daga ƙarfe goma zuwa ƙarfe ɗaya. Abin da ya fi ba shi mamaki, in ji shi, wata takarda ce manne a bango, da sunan kowa da ranarsa da sa'arsa. Wanda ba zai iya zuwa ba, shi zai nemo mai tsaya masa. Tsohuwar nan malamar makaranta ce da ta yi ritaya, akwai direban bas, akwai wata Musulma 'yar asalin Pakistan, akwai wani mutum da shi kansa ya taɓa zuwa da takarda a hannu. Ba wanda ake biya. Ya ce cikin wata goma bai ga Alhamis ɗaya da aka rufe ƙofa ba, ko da ƙanƙara na zuba.

Sa'an nan ya yi shiru kaɗan, ya ce akwai abin da bai taɓa gaya wa uwarsa ba. A ƙarshen Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur a gida, a watan Yuni kuma darajar naira ta faɗi. Matarsa da 'ya'ya biyu suna nan, ga ƙanne, ga dangi, kowa yana buga waya gama an san yana ƙasar fam. Ya yi ta aikowa har ya wuce gona da iri. Aka kai wani mako da ba shi da kome sai burodi da shayi. Tsohuwar ta lura, ta jawo shi gefe ta tambaye shi, ya faɗa mata gaskiya.

"Na zaci za ta ɗauko jaka ta cika mini," in ji shi. "Ni ne fa nake jera kayan nan da hannuna. Sai ta rubuta mini ofishin da zan je in karɓo takarda kamar kowa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, wannan wace irin rashin kara ce?" Ya je ya karɓo. Da ya komo ita ce ta zaunar da shi, ta kawo masa shayi, ta haɗa masa abincin kwana uku, ta rubuta a littafi. Da yamma kuma ta kira shi gidanta cin abinci, ta yi ta kiransa kowace Lahadi har ya bar ƙasar. Ya ce sai daga baya ya gane. Abin da ke cikin tukunyarta nata ne, ta ba shi ba awo. Abin da ke cikin rumbu kuwa amana ce, ba ta da ikon yin kara da shi.

Littafin lissafi

Muka tambaye shi, to, Turawa sun fi mu kyauta ke nan? Ya yi dariya ya ce ko kusa. Ya ce a can mutum zai shekara bai ciyar da baƙo a gidansa ba, alhali uwarsa ba ta taɓa sauke tukunya ba tare da rabon wani na waje ba. Gaskiyarsa kuwa. Wata ƙungiya ta Ingila mai suna Charities Aid Foundation ta binciki ƙasashe fiye da 100, ta buga rahoto a 2025, ta sa Nijeriya a kan gaba, gama mutanenmu sukan bayar da kusan kashi 3 cikin 100 na abin da suke samu.

Abin da suka fi mu, in ji shi, rubutu ne. A Ingila da Wales akwai hukuma mai lura da ƙungiyoyin taimako, wajen 170,000 ne a rajistarta. Ƙungiyar da samunta ya wuce fam 25,000 a shekara dole ta miƙa lissafinta, kowa kuma yana iya buɗe intanet ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Amintattun da ke riƙe da ƙungiya yawancinsu ba su da albashi. Tun 1990 kuma akwai wani shiri: in mai biyan haraji ya ba da kyauta ya sa hannu a takarda, gwamnati takan mayar wa ƙungiyar wani abu daga harajinsa, yanzu rubu'in fam ne a kan kowane fam ɗaya. Mutum yakan saki kuɗinsa ga baƙin da bai taɓa gani ba domin ya san akwai inda zai duba.

Bai ce mana kome nasu daidai yake ba. Yana can, ranar 5 ga Satumba 2023, majalisar birnin Birmingham, mai mulkin mutane fiye da miliyan 1, ta ba da sanarwa cewa kuɗinta ba zai ɗauki abin da ke kanta ba, ta tsai da duk wani sabon kashe kuɗi sai na tilas. Babban dalili shi ne bashin da ya kai wajen fam miliyan 760 na ma'aikata mata da aka daɗe ana biyansu ƙasa da maza, ga kuma sabon tsarin kwamfuta na lissafi da ya rikice. Ya ce shi ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, ya san yadda kuɗi yake ƙarewa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, doka ce ta tilasta wa babban akawun majalisar ya fito fili ya faɗa, jaridu suka buga, mutanen gari suka yi ta faɗa a kai.

Akwai kuma abin da ya ce ba zai taɓa so mu koyo ba. Wani dattijo yakan zo rumbun kowace Alhamis, ba domin abinci sosai ba. Ya gaya masa daga Alhamis zuwa Alhamis ba ya magana da kowa sai talabijin. 'Ya'yansa suna nan da rai a wasu garuruwa. Abin ya yi yawa a ƙasar har a 2018 gwamnati ta ɗora wa wani minista aikin lura da zaman kaɗaici. Akan sami wanda ya mutu ba mai zuwa ɗaukar gawarsa, sai hukumar gari ta binne shi. Ya ce duk ranar da ya tuna da dattijon nan, yakan gode wa Allah saboda wayar dangi da ke damunsa da tsakar dare.

Rijiya

Famfon da muka tarar suna gyara, shekara biyu ya yi a mace kafin ya komo. Mata suna tafiya rafi. An taɓa yin bikin kafa gidauniya dominsa, aka kira manyan 'ya'yan gari daga birni, mai lasifika ya yi ta kiran sunaye ana tafi. Wasu suka cika alkawari, wasu ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba, abin da aka tara kuma ba wanda ya iya faɗin inda ya shiga. Ba lalle an ci ba, in ji shi. Wani ya ranta don asibiti, an sayi lemo don baƙi, aka yi ta gutsura har ya ƙare, ba a rubuta kome ba. Daga nan kowa ya riƙe aljihunsa.

Ya ce bai kawo musu sabon abu ba, gama aikin gayya ya girmi kakanninsa, mata kuwa sun san adashi tun kafin a haife shi. Abin da ya ƙara uku ne kawai. Kowane gida yana zuba ɗan abin da aka yanka kowane wata. Mata uku ne ke riƙe da kuɗin, ɗaya akwati, ɗaya mabuɗi, ɗaya littafi, biyu daga zumuntar mata, ɗaya daga unguwar Musulmi, gama kowa yana shan ruwan. Ran kasuwa ta ƙarshen wata kuma akan karanta littafin a bakin rijiya da babbar murya, har kuɗin man babur na makanike. Akwai takarda a jikin bango da sunan gidan da zai share wurin kowane mako. Ya ce lokacin da ya yi bautar ƙasa, shirin nan da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973, an ware musu yini ɗaya a mako domin aikin taimakon jama'a, amma shi da abokansa hannu kawai sukan sa su gudu. Sai da wata tsohuwar Baturiya ta nuna masa yadda ake cika Alhamis.

A wani wuri mun saɓa da shi. Shi yana so a daina kiran sunaye a bikin gidauniya ɗungum. Mu kuwa mun ga makarantu da ɗakunan shan magani da aka gina da kuɗin da lasifika ta fitar daga aljihun da ba ya buɗuwa da sauƙi. A ganinmu a kira sunan, amma bayan wata uku a sake kiransa a faɗi ko ya biya. Ya yi dariya ya ce in an yi haka ba mai zuwa biki kuma.

Ofis da kawu

Zancen ofis ne ya fi yi masa nauyi. Ya ce tsofaffi sa'o'in kakansa sukan shigo su durƙusa su ce masa "ranka ya daɗe," domin ya sa hannu a takardar da hakkinsu ce. In ya sa, su yi ta godiya kamar daga aljihunsa ya ba su. Dā yana jin daɗin haka. Yanzu yakan tashi ya ba su kujera, ya gaya musu kuɗinsu ne, albashinsa ma daga ciki ake biya. Ya ce ma'aikacin da ke barin takardun mutane su kwana wata uku a tebur, sa'an nan ran Lahadi ya yi baiko mai kauri, ya fara daga ƙarshe ne. Tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikaci neman kyauta ko karɓarta saboda aikin ofis, amma ya ce ba wannan ne ya fi wuya ba. Ƙin karɓa daga baƙo da sauƙi. Wuyar ita ce hana naka.

Bayan ya komo aka aiko da hatsi na rage raɗaɗi, aka ce a raba wa gwauraye da tsofaffi da naƙasassu, rubuta sunaye kuma ya faɗo a kan sashensu. Sai ga kawunsa, wan uwarsa, ya zo da daddare ya ce a sa sunan 'ya'yansa biyu. Samari ne majiya ƙarfi, amma ba su da aiki, gidan kuwa da gaske yana cikin matsi. Kawun nan kuma ba kowa ba ne. Da uban yaron ya rasu yana aji uku na sakandare, shi ya sayar da ɗaya daga cikin shanunsa na huɗa ya biya masa makaranta, ya yi damina biyu yana aron sa.

Ya ce masa, "Kawu, ka yi mini aikin gafara. Sunayen nan ba nawa ba ne. In na sa biyu, sai na cire gwauraye biyu." Ya ce daga albashinsa zai sayo buhu ya kawo, zai kuma biya wa ƙaramin kuɗin koyon walda. Kawu ya tashi ya karkaɗe riga, ya ce ba bara ya zo yi ba, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Buhun da aka kai washegari, ya sa aka komo da shi. Tun ran nan bai ƙara taka gidansu ba, ko a majami'a in sun haɗu sai ya kau da kai.

Muka koma gida muka sami uwarsa tana tankaɗe. Muka tambaye ta yadda ta gani. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta san da ba don san nan ba, da ɗanta bai ga ƙofar ofis ba, balle jirgin sama. Ta ce kowa a garin nan yana yi wa nasa, don me nata ɗan'uwan zai zama shi kaɗai ne ba shi da kowa a gwamnati? Sa'an nan ta ajiye rariya ta ce ɗaya daga cikin matan da suka sami hatsin ƙawarta ce, mai jikoki marayu huɗu, ta kuwa ga lokacin da ta ɗauko shi a ka tana kuka. Ta ce ita dai tana tsakiya, kowane gefe ta juya nata ne.

Mu ma ba mu iya ce wa dattijon nan ya yi laifi ba. Tsarin da ya sani ke nan, shi ne kuma ya riƙe marayu da yawa a ƙasar nan lokacin da ba hukumar da ta san da su. Amma mun ga littafin rijiya da idonmu, mun ga gidaje har da na waɗanda suka rantse ba za su ƙara ba da ko kwabo ba, duk sun biya na watan nan.

Da la'asar muka yi sallama. Ya rako mu bakin mota ya riga ya sake riga, ya ɗaura wani ƙulli a bayan babur. Muka tambaye shi ina zuwa. Ya ce gidan kawu. Sau uku ya je ana ce masa ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofar ɗaki. Ƙaramin ɗan dai ya fara zuwa wurin mai walda a ɓoye tun watan jiya. Uwarsa ta leƙo ta ce masa in ya je kada ya yi zancen hatsi, ya gaishe shi kawai, ya tambayi lafiyar shanu.